Ƙyallen Tsakiyar Bargo

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwa.

Takardarki ta iso. Mai Aski ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan, tunda kin san ni da biro ba mu taɓa gaisawa ba. Kada ki ce don me ba na ɗaukar waya. Ba na jin komai a cikinta, kuma duk wanda ya kira sai ya ce in daina ihu.

Na ji kina so in rina bargon Innarki. Sai yanzu aka tuna akwai marini a gidan? Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Ranar da za ki koma, kika buɗe akwatinta, kika naɗe bargon da ta fara ɗinkawa kika sa a jaka. Ina zaune a bakin ƙofa kika wuce ni, ko Baba zan ɗauka ba ki ce ba. Almakashinta ma tun ranar ban gan shi ba. Ban ce ke kika ɗauka ba, na dai ce ban gan shi ba.

Mai Aski ya ce in bar wannan maganar. Na ce ya rubuta, ba shawara na zo nema ba.

Sai zancen rini. Ni ba na tsoma abin da ban san asalinsa ba. Kin ce kin ƙarasa bargon da yadin da kika saya a can. Yadin yanzu rabi auduga ne rabi roba, mai shago kuwa zai yi ta rantse miki. Roba ba ta shan rini ko za ta yi mako a ganga. Ki yanko mini ƙyalle, faɗin yatsa biyu, daga kowane irin yadi da ke jikin bargon, ta cikin kalmasa inda ba za a gani ba. Kuma kada ki kuskura ki cusa masa auduga sai an rina ya bushe.

Ki gaida maigidan naki, in yana tuna ni.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Maganin da na aiko kana shafawa, ko har yanzu yana kan taga?

Ga ƙyallaye uku. Na ɗaura wa ɗaya jan zare, ɗaya baƙin zare, ɗaya na bar shi haka, don ka gane su ba sai an karanta maka ba. Ban cusa auduga ba, ai 'yar marini ce ni.

Almakashin Inna yana cikin aljihun keken ɗinki, na hagu. Tun bara na gaya maka.

Maganar ɗaukar bargo kuwa, ka yi haƙuri, Baba. Ina da dalili, amma ba na takarda ba ne. Ina gaida Baba Mai Aski, Allah ya saka masa.

Taka 'yar,
Auta.

*

Auta,

Bayan sallama. An ga almakashi. Ba a aljihun hagu yake ba, a na dama ne.

Na ƙona ƙyallayenki jiya da hantsi a gaban shagon Mai Aski, mutum huɗu suna kallo. Mai jan zare ba sai an gaya mini ba, akoko ne namu na gida, ni da Innarki muka zaɓo shi. Ya ci wuta lafiya, warin takarda, toka mai laushi, na murza ta bi iska. Mai baƙin zare ma auduga ne, sai dai an labta masa sitaci don ya yi nauyi a hannu. Ki wanke shi da ruwan zafi sau biyu. Zai ɗan tsuke, gara ya tsuke yanzu.

Na ukun, wanda ba zare, an cuce ki. Ina kai masa ashana ya nannaɗe ya narke, yana warin leda, ya bar dunƙule baƙi mai tauri har ya manne mini a yatsa. Na ɗiga wa ragowar ruwa, ruwan ya tsaya a kai yana kallona. In na tsoma wannan, bargo zai fito shuɗi, shi kuma ya fito kamar an wanke allo. Shekara hamsin ina rini ba a taɓa nuna aikina da baki ba, ba zan fara da tsufana ba. Ki warware shi ki fitar, ki sa auduga.

Da kin tambaye ni kafin ki saya, amma ku masu takarda ba kwa tambaya. Innarki ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa shigo mini da roba gida ba. Daga nesa take hango ƙyallinta. Ko Dogo mai yadi, da duk rashin kunyarsa, ba ya ajiye irin wannan a shagonsa. Kin san shi ne ya ce a gaban jama'a wai rinina yana zuba, alhali matarsa ce ta jiƙa zanen da sabulun ƙarfi. Shekara huɗu ban taka shagonsa ba, kuma ba zan taka ba.

In kin warware ki sanar da ni.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka. Baba Mai Aski, don Allah wannan ka karanta masa a cikin gida, ba a shago ba.

Baba, mai baƙin zare ne nawa. Wanda ya narke ba ni na saya ba, Inna ce. Shi ne a tsakiyar bargon, kuma shi ne ɗinkinta na ƙarshe.

Shekarar da za ta rasu idonta ya tafi sosai. Ta ɓoye maka, domin ta ce in ka sani za ka rufe keken ka ɓoye makulli. Duk zuwan da na yi sai na zura mata zare a allurai goma ta soke a filo. Da akokon ya ƙare mata, ta ce ka raka ta wurin Dogo, ka ce ba kai ba, ita ma ba ka yarda ta je ba. Sai ta tafi sabon shagon nan na kusa da tasha ita kaɗai. Ta taɓa yadin ta ji kamar auduga. Ƙyallin ne ba ta gani ba.

Ban san roba ba ne sai da na karanta takardarka. Abin da na sani shi ne ɗinkin tsakiyar a karkace yake, wani wurin ma ta haɗa kalmasa biyu. Ta sa na yi mata alkawarin ba za ka gan shi haka ba. Shi ya sa na ɗauke ban yi magana ba. Na zauna da almakashi ya fi sau goma zan gyara, na kasa yanke ko zare ɗaya.

Kuma ba nawa ba ne, Baba. Kai take ɗinka wa, saboda gwiwar nan, ta ce wanda kake rufa da shi ya zama raga.

Ni dai ba zan iya warwarewa ba. In ka ce sai an warware, zan aiko maka, ka yi da hannunka.

Taka 'yar,
Auta.

*

Auta,

Bayan sallama. An karanta mini, sau biyu.

Da Dogo ya kama bakinsa da duk ba a yi haka ba. Mai Aski ya ajiye biro yana kallona. Na ce ya rubuta.

Ni na ga alluran nan a filo. Na ɗauka sabon salo ne.

Ki aiko bargon yadda yake. Kada ki taɓa komai. Ki naɗe shi cikin tsohon zane, ba cikin leda ba.

Mahaifinki.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Bargo ya iso tun makon jiya. Na ɗauko almakashi zan warware tsakiyar, na mayar da shi aljihun dama.

Na rina shi. Tsomi uku, shuɗi mai duhu, irin wanda take so. Tsakiyar ta fito fari-fari kamar yadda na faɗa, ban yi kuskure ba. Zarenki ma na roba ne, ba ki gaya mini ba, duk ɗinkinki ya fito fari. Nata ya sha rini. Yanzu ana ganin inda hannunta ya tsaya da inda naki ya ɗauka.

A waje na shanya shi, ba a bayan gida ba. Dogo ya biyo ta nan ya tsaya, ya ce wane ne ya ɓata wannan aikin. Na ce ni ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana da audugar cusawa mai kyau in ana so. Ni dai ban taka shagonsa ba. Mai Aski ya je ya karɓo.

Cusa auduga aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya baza, shi kuwa Mai Aski hannunsa duk gashi. Ki zo. In kina da zanen gado da kike so a rina ki taho da shi, amma kada ki sayi komai sai na taɓa.

Maganin gwiwa ya ƙare.

Mahaifinki.