Zuwa Ga Yaron da Ba Na Faɗin Sunansa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake, ina sanar da kai mu nan Birnin Gwari lafiya lau, sai tsufa. Wani farke ya ce ya gan ka a Kumasi kana gyaran motoci, wani ya ce a Ikko ne. Da na rasa inda zan aika takarda, sai na ba jarida, ko Allah zai sa ta faɗo hannunka. Ka ga ni da ban taɓa yi maka magana ido da ido a zaurena ba, yau ga ni ina yi a gaban duk mai karatun boko.

Kai ne ɗan farina. Ka san al'ada: ba na kiran sunanka, ba na ɗaukarka, in ka shigo sai in sami abin kallo a bango. Haka ubana ya yi mini, ban kuwa taɓa tambayar dalili ba.

Ka tuna shekarar da aka yi wa Baturen gandun daji canji, ya bar mini tsohon baburinsa saboda na daɗe ina yi masa masinja. Babur ne marar sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya ƙafar baya, ga sifirin dama da hagu. Na raɗa masa suna Mainasara. Da shi na sami hanyar yi maka magana. Sai in tsaya a tsakar gida in ce, "Mainasara na son giris yau," kamar da iska nake. Kafin in dawo daga masallaci ka wanke sifirin da kananzir, ka shafe su, ka duba man ɗan akwatin baya inda sandar ke shiga.

Duk abin da ka iya, ta bakin babur ka koya. Ina gaya masa cewa man baya ba a cika shi ya tumbatsa, kana gefe kana ji. Ina yi masa faɗa in ya tsallaka rafi da damina ruwa ya shiga akwatin, mai ya koma fari kamar nono, kai kuma ka ɗauko sifana ka tsiyaye.

Akwai ranar da muke dawowa daga Randagi, robar da ke haɗa sandar da inji ta yage a tsakiyar dajin Kamuku. Na zauna gindin kaɗanya na haɗa tagumi. Kai ka cire takalminka na taya, ka yanka da wuƙa, ka huda, ka ɗaura. Ya kawo mu gida, kana baya da ƙafa ɗaya ba takalmi. A ƙofar gida na shafa tankin na ce, "Madalla da Mainasara." Zuciyata kamar ta fashe don alfahari da kai, amma ƙarfe na yi wa godiya.

Ranar da ka zo sallama za ka bar gida, ina durƙushe ina ɗaure noti. Na ji tsayuwarka a kaina. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗago ba, don na san in na ɗago za ka ga idona. Sai bayan ka tafi uwarka ta gaya mini abin da ka faɗa mata: "A gidan nan ƙarfe ma yana da sunan da ake kiransa da shi." Maganar nan ba ta bar ni ba. Kunyar da na yi ta riƙo da ita tsawon rai, ashe akwai wadda ta fi ta, kuma ita nake ji yanzu.

Mainasara ya tsufa. Bayansa ya zauna, ko zuwa Tsohon Birnin Gwari na yi sai ƙuguna ya kwana yana ciwo. Na samo sabbin sifirin daga Kaduna, suna nan a ƙunshe cikin tsumma. Ka san aikin: sai wani ya danne baya, wani ya zura ƙusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, nawa kuwa har rawa ya fara. Ƙannenka sun ce za su kama mini, na ce a bari. Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa ya yi ta zarya yana so ya saya, na ce ba nawa ba ne, yana da mai shi.

Kada ka ce don babur nake nemanka, na daina fakewa da shi. Ni ke son ganinka kafin ƙasa ta rufe idona. Uwarka ma, wadda ta fi ni kunyarka, kullum sai ta ajiye tuwo a kwano ɗaya da ba ta faɗin na wane ne.

Allah ya tsare ka, ya sa albarka a hannunka, ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya juyo da ƙafarka gida.

Malamin da zai kai wannan takarda gidan jarida ya ce ba za ka san da kai ake ba in babu suna. Har ya fara naɗe ta, na ce ya buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ilyasu, ka dawo gida.

Ni ne mahaifinka,
tsohon masinjan gandun daji, Birnin Gwari.