Wasiyyar Baba tana cikin foldar da ban buɗe ba

Daga admin: wannan saƙo ne daga wani ɗan uwa, ya roƙi a sakaya sunansa, sunayen da ke ciki ma ya canza su.

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata na wannan gida. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina ba da shawara kamar wani mai hankali, yau ga ni na zo da tawa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda na yi ɓarnar ba.

Ni ɗan Mungadi ne ta ƙasar Maiyama, amma ina zaune da iyalina a Jega Firchin, kullum ina bin mota zuwa Aliero inda nake aiki a wani ofis mai hulɗa da manoman albasa. Aikina na rubuce-rubuce ne, kusan duk ta imel ake yin sa. Shekara biyu da suka wuce akwatin imel ɗina ya cika ya batse, saƙon oga da na talla da na gayyatar taro duk a cakuɗe, har wata rana wani saƙo mai muhimmanci ya nutse ban gani ba, oga ya wanke ni tas a gaban mutane. Daga nan na zauna na koyi tsara akwatin. Na buɗe folda-folda, ta Oga, ta Rahoto, ta Taro, ta Tarkace, na kuma sa doka cewa duk saƙon da ya fito daga adireshi kaza ya wuce kai tsaye foldarsa, kada ma ya bi ta gabana. Wallahi abin ya yi aiki. Aikin da nake kai wa azahar sai na koma gamawa da hantsi, na zama gwanin ofis, har abokan aiki nake koya wa ina wani ɗaga kafaɗa.

To a cikin foldojin nan akwai wadda na sa wa suna Baba.

Mahaifina tsohon hedimasta ne na firamare, Allah ya jiƙansa. Da girma ya zo kunnensa ya yi nauyi sosai, in ka kira shi a waya sai dai ku yi ta ihu ba mai jin wani, in kuma gida ka je, duk abin da za ka faɗa masa sai maƙwabta sun ji. Ni da kaina na saya masa waya na buɗe masa imel na koya masa, don mutum ne mai son rubutu. Ashe na jawo wa kaina. Kusan kullum bayan ya karya sai ya rubuto mini wasiƙa cikakkiya irin ta da, da "Zuwa ga ɗana" a sama da "Ni ne mahaifinka" a ƙasa. Ruwan da aka yi, wanda ya rasu, tunkiyar da ta haihu, limamin da ya ja karatu, har da gyaran kuskuren da na yi a amsar jiya, don shi jan biro bai bar hannunsa ba har ya bar duniya. Da farko ina karantawa ina dariya ina amsawa. Daga baya na ga wasiƙun suna shigowa ne daidai lokacin da aiki ya fi zafi, sai na ce bari in ware masa foldarsa, duk ranar Asabar in zauna in karanta a natse. Allah ya sani niyyata ke nan.

Na yi Asabar uku ko huɗu ina cika alkawari. Daga nan sai biki, sai ta'aziyya, sai gajiya. Kuma shi wannan tsarin, saƙon da ya wuce folda waya ba ta ko motsi, sai ka shiga can ƙasa ka nemo shi. Abin da ido bai gani ba kuwa sai zuciya ta saki. Tunda duk bayan sati biyu ina zuwa Mungadi ina ganinsa da idona, sai na riƙa ce wa kaina ai labarin tunkiya ne, me zan rasa.

In na je gida yakan tambaye ni, "Ka ga saƙon da nir rubuta maka?" Ni kuma in ɗaga murya in ce na gani Baba, in yi maza in kawo wata maganar don kada ya tambaye ni abin da ke ciki. Haka muka yi ta yi wata da watanni. Har na kai ba na son mu haɗa ido, saboda mutum ne da ya shekara talatin yana kama yaran da ba su yi aikin gida ba, ina tsoron ya karanta ƙaryar a fuskata.

Da damina ciwo ya kwantar da shi. Kwana biyu kafin ya cika ya riƙe hannuna, ya ce, "Abin nan da nih hwaɗa maka, kai na bar ma shi." Na ɗauka riƙon zumunci yake nufi da kula da 'yan uwa, irin wasiyyar da kowane uba ke yi, na gyaɗa kai na ce ya kwantar da hankalinsa. Ya saki hannuna yana murmushi.

Bayan arba'in aka raba gado. Mu uku ne, Yaya Bello babbanmu, direba ne a tashar Jega, sai Yaya Hajo, sai ni. Yaya Hajo a Gehuru ta yi aure, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta dawo gida. Ni da Yaya Bello muka haɗa baki muka ce gonar fadama, wadda ita ce mafi kyau a duk abin da Baba ya bari, a bar mata ita, mu mu ɗauki na tudu. Ranar ta yi kuka ta yi ta sa mana albarka, ni ma na ji daɗin kaina ƙwarai.

Watan jiya imel ya nuna mini wuri ya kusa cika, sai na share wasu abubuwa. Ina bin foldoji ina sharewa sai na iso ta Baba, na ga saƙo ɗari biyu da sittin da ɗaya ba a buɗe ba. Na rufe ƙofar ofis na fara daga na ƙasa. Ina karantawa ina jin muryarsa, ina dariya ina hawaye, har na iso wani da ya sa wa kai "Amana". Ga abin da ya rubuta, ban canza komai ba sai suna:

"Zuwa ga ɗana. Akwai maganad da ban iya yi da baki, don in na yi ta duk gari sai ya ji. Gonaf fadama ba tau ba ta. Ta abokina Ɗanjuma ta, ya bar mani ita sa'ad da za shi ci-rani Kudu, yac ce in noma in ci har shi dawo, in bai dawo ba in ba ɗansa Sani in ya girma. Can yar rasu. Waɗanda anka yi maganar gabansu su biyu duk sun riga mu. Sani ya girma tun tuni, kullum ina cewa baɗi, ga shi har tsuhwa ta cim mani. Na ji kunyar Allah, na ji kunyar mutane. Kai ka yi karatu, ka san yadda za ka bi a maida mashi abinai ba tare da an yi tashin hankali ba. Kada ku sa ta cikin gado."

'Yan uwa, wata bakwai kafin rasuwarsa ya aiko wannan. Wata bakwai ina ce masa na gani.

Amma ba shi ne ya fi karya ni ba, na bayansa ne. A wani ya ce tunda na ce na gani, hankalinsa ya kwanta, ya san ba zan bar shi da nauyin nan a kabari ba. A wani kuma ya ce ya lura tun da ya rubuto mini maganar ba na son haɗa ido da shi, ya san ya zube a idona, uban da ya yi ta koya wa 'ya'yan mutane gaskiya ga shi ya riƙe gonar maraya, in yi haƙuri in yafe masa. Wato bawan Allahn nan ya tafi yana zaton ƙyamarsa nake yi, alhali ni kunyar ƙaryata ce ta hana ni kallonsa. Ranar ban iya komawa aiki ba, masallacin bayan ofis na shiga na zauna har la'asar, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Na samu Yaya Bello a tasha na ja shi gefe na nuna masa. Bai ko gama karantawa ba ya hau ni da faɗa. Ya ce shi bai san wata wasiyya ta cikin waya ba, rubutun da ba hannu ba shaida kowa na iya zama ya ƙaga shi, kuma tunda ni na buɗe wa Baba imel ɗin, wa zai hana a ce ni na rubuta. Ya ce in gaskiya ne ina nake ranar rabo, da bakina na ce a ba Hajo fadama, sai yanzu da ta zuba iri da ƙarfinta zan zo da wannan. Ya ce duk Mungadi ba wanda ba ya ganin girman Baba, ni da ya fi so ni zan tona masa asiri bayan ƙasa ta rufe shi. Ƙarshe ya rantse in na kai maganar nan gaba ba ni ba shi. Na bar tashar na san a maganar tasa akwai inda ya fi ni gaskiya.

Na tambayi wani malami ba tare da na kama suna ba, ya ce abin da ba na mamaci ba ba ya shiga gado, kuma wanda ya sani ya yi shiru shi ma ya shiga ciki. Na yi tunanin in ba Yaya Hajo gonata ta tudu a madadin, amma ku da kuka san ƙasarmu kun san tudu gero ne sau ɗaya a shekara in ruwa ya yi kyau, fadama kuwa ita ke riƙe gida rani da damina. Na yi tunanin in ba shi Sanin tawa in ce kyauta ce, to amma ba ita ce tasa ba, kuma ba abin da Baba ya roƙe ni ke nan ba. Ita Yaya Hajo har yanzu ba ta san komai ba. Rabon da in ga ta yi ƙiba da fara'a irin na bana tun kafin mijinta ya rasu.

Shi Sani ban san shi ba, sunan kawai na riƙe, ina ta shirin yadda zan yi cigiyarsa a ɓoye. Asabar ɗin da ta wuce na je Mungadi, Yaya Hajo ta ce in leƙa fadama in ga dashen albasa. Na tarar da 'yan ƙwadago biyar cikin fangalin ban ruwa, taɓo har gwiwa. Ɗaya daga cikinsu, magidanci da zai girme ni, har da furfura a gemu, ya fito ya goge hannu a riga ya rusuna ya yi mini ta'aziyya. Ya ce, "Allah shi jiƙan Malam, mutumen kirki na. Shekara da shekaru in dai aikin gonag ga ya tashi ni yaka hwara kira, bai taɓa bari na rasa ba. Abokin babana na, ko da dai ni ban san babana ba." Na tambaye shi sunansa, ya ce Sani Ɗanjuma. Sannan ya roƙe ni in sa baki wurin Yaya Hajo ta riƙa kiransa aiki kamar yadda Malam ke yi, don shi ba shi da gona ko ta taki ɗaya.

Na ce masa to, na juya na bar wurin kafin ya ga idona.

Don Allah ku gaya mini abin da zan yi. In fara zuwa wurin Yaya Hajo in karanta mata wasiƙar, ko in kai wa dattawan gari, ko in jira a cire albasar bana tukuna? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ta ina ya bi bai rasa 'yan uwansa ba? Ni dai na san jibi Asabar, zan je gida, kuma zan same shi a duƙe yana yi wa yayata ƙwadago a gonar ubansa.