Ni Ba Likita Ba Ce, Inna

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Yaya?

Kin ce tunda sinadarin ƙarfe nake karantawa, in aiko mata maganin ƙarancin jini. Kunya ce ta hana ni amsa miki a waya. Ni ba likita ba ce, Inna. Aikina shi ne duba yadda ƙwayoyin bakteriya ke ɓoye ƙarfe cikin ɗan ƙoƙon furotin don kada ya cutar da su. Gwajin ma ya ƙi fitowa, har malamina ya daina leƙo teburina. Amma lafiyata ƙalau.

Don Allah ku kai Yaya asibiti, kada ku jira ni. Maƙwabta kuwa, bar ni in gaya musu da bakina.

Taki,
Auta