Kowa Ya Zama Mai Magani, Kaka Ta Zama 'Yar Kallo

Malama mai wannan fili, don Allah ki agaza min da shawara kafin Asabar ta zo, domin na rasa tudun dafawa. Na san in kika ji abin da ya hana ƙato kamar ni sukuni za ki yi dariya. Ki yi, amma ki karanta har ƙarshe.

Ni direban babbar mota ne. Nakan yi makonni a hanya, in na dawo kuma ɗakin haya ne ke jirana, daga katifa sai fanka sai bokiti, tun da aurena ya mutu. Abin da nake ɗokin dawowa dominsa wani wasa ne da muke yi ranar Asabar da yamma a bayan shagon abokinmu mai gyaran waya. Tebur ɗaya ne, sai ya ture wayoyin mutane da ƙananan kusoshinsa gefe mu baje takardunmu. Ba caca ba ce, ba kuma tsafi ba, kada ki tsorata. Labari ne ake ƙirƙira tare. Ƙanena, malamin makaranta, shi ke jan labarin, dokoki kuma a hannunsa suke. Mu sauran kowa yana da mutum ɗaya da yake takawa a cikin labarin, an rubuta ƙarfinsa da rauninsa a takarda. In za ka yi abu mai haɗari sai ka jefa dayis irin na ludo, abin da ya fito shi ne rabonka.

Dogo mai aski yana taka mayaƙi mai sulke. Mai gyaran waya ɓarawo ne mai buɗe ƙofofi, kuma duk wanda ya taɓa kai masa gyara zai ce an ajiye ƙwarya a gurbinta. Matar ƙanena maharbiya ce. Ni kuwa, da tumbina da gashin bakina, tsohuwa mai magani nake takawa, ana ce mata Kaka. Ba zaɓina ba ne. Ranar da aka fara na makara, kowa ya wawuri mai makami, aka bar min ita.

Ki gane, a dokar wasan laƙanin warkarwa ba kyauta ba ne. Kaka ba ta sa sulke, ba ta riƙe garkuwa, mari ɗaya na dodo ya isa ya kwantar da ita. Laƙaninta ma ƙidayayye ne a yini, in ya ƙare sai ta yi barci kafin ya dawo. Shekaru na yi ina raɓewa a bayan mutane, suna sara suna kwasar yabo, ni ina tunanin wa zan ceta yanzu, wa zai jure zuwa anjima. Amma da zarar ta ɓaci, duk idanu kaina suke juyowa. Malama, a wurin aiki lambar mota ce sunana. A teburin nan ne kaɗai ake ƙwala min kira ana nufin ni ɗin. Kuma in ina hanya ba a wasa, saboda ba mai shiga kogon dodo babu mai magani. Sai ƙanena ya riƙa bugo waya yana tambayar yaushe zan shigo gari. Ba zan ɓoye miki ba, wannan kiran yana min daɗi ƙwarai, har nakan bar wayar ta ɗan yi ringin kafin in ɗauka.

To, tafiyar da na yi kwanakin baya mota ta lalace min, na fi wata ban dawo ba. Kira ya yi ta raguwa har ya ɗauke, na ce ko aikin makaranta ne ya yi masa yawa. Ashe wasa suke yi abinsu. Malam ƙanena ya zauna ya ƙirƙiro wata sabuwar doka da ya raɗa wa suna baiwa: kowane mutum a labarin yana iya ɗaukar laƙani biyu daga cikin na Kaka, ba tare da ya sadaukar da komai ba. Kuma dukansu na warkarwa suka ɗauka. Dogo yana cikin sulkensa, takobi a hannu, a sare shi ya shafa wa kansa magani ya ci gaba da burga. Abin da na saya da shekaru na raɓe-raɓe an raba shi kamar alewa.

Na daure na tambayi ƙanena, tunda an buɗe ƙofa, ko Kaka ma za ta iya sa sulke. Ya gyara tabarau ya ce min wai hakan zai ɓata ma'aunin wasa. Ma'auni! Yaron da na goya a wuyana, na biya masa kuɗin jarrabawa da kuɗin lodi, shi ke koya min ma'auni.

Asabar biyu na zauna ina cin biskit ina kallo, ba wanda ya waiwayo ni. A ta uku suka gamu da gamonsu. Dodon ya fi ƙarfinsu, 'yan laƙaninsu na aro suka ƙare, mayaƙin Dogo ya faɗi yana shure-shure. Babban laƙanin da ke fizgo mutum daga bakin mutuwa Kaka ce kaɗai ke da shi. Sai ga idanu sun juyo kaina kamar dā. Ni kuwa na ce gwiwar Kaka na ciwo, ta zauna a kan dutse tana hutawa, mai baiwa ya ceci kansa. Ƙanena ya yi ta tambayata ko da gaske nake, na ce da gaske. Aka jefa dayis, mayaƙin ya mutu.

Tun ranar farko Dogo yake da mayaƙin nan. Da biro ya zana shi, ya manna zanen a gefen madubin shagonsa, masu zuwa aski har tambaya suke ko kakansa ne. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu ya fita, ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Tun daga nan wayata shiru. Ban ce na kyauta ba, amma wa ya fara? Ke da ba ki da ɗa a cikinmu, ki faɗa min, dokar nan adalci ce? Kuma in je Asabar ɗin nan, ko in bar musu teburinsu tunda kowa ya zama likita? In na bari, ban san abin da zan riƙa dawowa gari dominsa ba.

Naki,
Direban da ake ce wa Kaka


Ɗan'uwa direba,

Na ɗan murmusa a wurin gashin bakin Kaka, daga nan ban ƙara ba. Ban taɓa yin wasanku ba, amma ka bayyana shi yadda zan iya sa baki.

A kan doka, gaskiyarka ce. Abin da mutum ɗaya ya biya da tsada ba a miƙa wa na kusa da shi kyauta, a wasa ne ko a gida. Kuma in laƙani a hannun mai sulke bai ɓata ma'auni ba, sulke a jikin mai laƙani ma bai kamata ya ɓata ba. Malam ya auna gefe ɗaya ya bar ɗaya. Gyaran ba shi da wuya. A mayar da baiwar laƙani ɗaya, mafi ƙanƙanta, sau ɗaya a yini, kuma kada ya riƙa girma yadda na Kaka ke girma. Wanda ya ɗauka ya ajiye wani abu, mayaƙi ya bar garkuwarsa misali. Ko kuma a ce ranar da Kaka ba ta nan ne kawai baiwar ke aiki. Ka kai masa wannan ku biyu kaɗai, ba a gaban matarsa da abokai ba, ka kuma faɗa masa ainihin abin da ya yi maka ciwo, wato canza doka a kan Kaka ba tare da ya tambayi mai Kaka ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai ka dubi nasa ɓangaren. Mutum huɗu, kowa da aikinsa da gajiyarsa, hutunsu na mako ya rataya a kan lafiyar injin motarka. Sun jira ka shekaru, har ranar da jiran ya fi wata. Ƙanenka bai rubuta dokar don ya kore ka ba, ya rubuta ta don teburin ya rayu in ba ka nan, wanda kai ma kake buƙata idan ka dawo. Kai kuma ka saba da daɗin a tsaya cak sai ka zo, kuma wannan daɗin su ne ke biyan kuɗinsa.

Batun Dogo kuwa, ka bar jaki ka daki taiki. Ba shi ya rubuta doka ba, ba shi aka tambaya sulke ya hana ba. Ka so ka nuna musu har yanzu ana buƙatar Kaka, abin da suka gani shi ne mai magani da ba za a iya dogara da shi ba. Kada ka jira Asabar. Ka je shagonsa gobe, ka zauna a kujerar aski, ka ba shi haƙuri ba tare da ka ambaci baiwa ko sau ɗaya ba. Kada kuma ka roƙi a dawo da mayaƙin don ka samu sauƙi a ranka. Wannan zaɓin Dogo ne, in ya ce a bar shi a mace, sai ka haɗiye.

Sannan wayar da ta yi shiru, ai ita ma tana kiran mutane. Ka kira ƙanenka daga hanya ka tambayi lafiyarsa, ba tare da maganar wasa ba.

Ka je ranar Asabar, ko an gyara doka ko ba a gyara ba. Shekarun nan ba ka taɓa sanin ko kai suke jira ko maganin Kaka ba, kuma ina jin tsoron amsar ne ya zaunar da ita a kan dutse. Yanzu da kowa ke da maganinsa, in aka matsa aka yi maka wuri a teburin, don kai aka yi. Ba zan iya yi maka alkawarin za a matsa ba, amma daga ɗakin haya ba za ka taɓa sani ba.

Allah ya tsare maka hanya, ya sanyaya zuciyar Dogo, ya haɗa kanku kai da ɗan'uwanka.