Hancin da ya yi kama da na Kawu

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Anti Binta da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Inna ta ji sauƙin ƙafarta.

Yaya, hankalina a tashe yake. Hedimasta ya sa ni ɗinka 'yan tsana don wasan rigakafi a makarantarmu ta Kusfa. Na yanka musu hanci da reza daga soson tsohuwar katifa, na manna da gam. Hancin uban da ya hana 'ya'yansa allura ya fito a karkace, sak na Kawu Sale, shi da ya kori masu allura bara. Ran wasan, ina ɗaga 'yar tsanar, iyaye suka fashe da dariya, kowa ya waiwaya yana kallon Kawu da ke zaune cikinsu. Ya kaɗe rigarsa ya fita.

Har yau bai amsa gaisuwata ba. Na ce wa Baba rezar ce ta zame. Ya ce ran Juma'a zan maimaita a zaure gaban Kawu, da rantsuwa.

Ka gaida kowa. Ka taya ni da addu'a, Yaya, don wallahi rezar nan ba ta zame ba.

Ƙanwarka,
Hadiza