Ni Nake Yi wa 'Yata Kitso, Dangi Sun Taso Ni a Gaba

Goggo mai shawara, barka da aiki. Ki taimake ni da kunnenki, ki kuma ara mini bakinki, don nawa ya gaji. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar waje, rabona da zaman gida. Ina aiki a wata masana'anta inda muke haɗa wayoyin lantarkin motoci. Tun safe har la'asar ina tsaye gaban wani allo mai ƙusoshi, in jawo jar waya, in haɗa ta da shuɗiya, in murɗe, in ɗaure, in tura gaba. Bayana ya ƙage, furfura ta yi mini sallama, a dangi kuwa ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar bayan nawa. Ban taɓa kai ƙara ba. Amma yau an zo inda dole in yi magana, kuma don Allah kada ki yi dariya: a kan kitso ne.

Muna da 'ya ɗaya, shekararta bakwai, muna ce mata Kanari saboda bakinta ba ya hutawa. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, Asabar da Lahadi duk tana wurin aiki, in ta dawo ko takalmi da ƙyar take cirewa. Mai kitson da ta fi kusa da mu sai an hau bas biyu, kuma Kanari na ganin ƙofarta take fara ihu kamar za a yanka ta. Haka kan yarinya ya zama sheƙar tsuntsu, har malamarsu ta aiko da 'yar takarda cikin ladabi, wai ko lafiya dai a gida. Takardar nan ta ƙona mini rai. Ranar Lahadi na jefa matashi a ƙasa, na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina, na ce ni da nake haɗa waya arba'in ban ɓata ɗaya ba, gashi ai waya ce, sai dai ta fi siranta.

To, yadda nake yi a wurin aiki haka na yi. Na ja, na tamke, na ɗaure bakin kowane kitso da 'yar robar nan mai haƙora da muke ɗaure waya da ita, wadda in ta kama sai dai a yanke. Har salatif mai launi na naɗa wa kowanne don kada su rikice mini. Girar yarinya ta haye sama, ta wuni kamar wadda aka ba labarin mamaki. Da uwarta ta shigo, dariya ta yi har ta zauna daɓas a ƙasa, sannan ta ɗauko filaya. Gashin bayan kunnen dama ya tafi a wannan yaƙin, Allah ya jiƙansa. Daga baya wata tsohuwa da ke hawa na biyu a ginin da muke zaune ta koya mini. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, in na yi kuskure sai ta buge mini hannu. Wata takwas ke nan, yanzu hannuna ya faɗa.

Goggo, ba yabon kai ba, sa'a ɗayan nan ta Lahadi ita ce kaɗai tawa a duk mako. Yaron da ya juya maka ƙeya yana faɗin abin da ba ya faɗa ido da ido. A nan na san wace yarinya ce take ƙwace mata fensir, a nan na san ashe tsoron ƙarar lif take yi, shi ya sa take cewa mu hau bene da ƙafa wai don motsa jiki.

Makonni uku da suka wuce asiri ya tonu. Autarmu ta kira ta bidiyo don Inna, mahaifiyarmu, ta ga jikarta. Kanari ta amsa ina tsakiyar aiki, mataji a bakina, mai a yatsuna, ta ɗaga waya sama tana shelar cewa Babanta ne yake mata, kuma ba ya ja da zafi. Auta, da ke ƙaunata fiye da hankalinta, ta ɗauki hoton ta watsa a guruf ɗin dangi.

Yaya Babba ya aiko saƙon murya na minti bakwai. Ya ce ƙasar waje ta cinye ni, saura in ɗaura zani. Wani ɗan baffanmu ya tambaya ko akwai layi, yana so ya kama wa matarsa wuri. Wata gwaggonmu ta ce ita ba da ni take ba, tambayarta ɗaya: hannun uwar yarinyar karyewa ya yi? Sai Auta, wadda jami'a ta buɗe wa baki, ta ce tunda an taru, kowa ya faɗi "ba a yi" ɗin da ya kamata a binne. Nan kasuwa ta ci. Wani ya ce a bar namiji ya yi kuka in an yi masa rasuwa, ba sai ya shiga banɗaki ya kunna famfo ba. Wata ta ce a daina zunɗen matar da ta girmi mijinta. Wani ya ce a halatta gaya wa baƙo cewa zaman ya isa haka, kuma abin mamaki, har Yaya ya ɗaga wa wannan yatsa, alamar ya yarda. Matar Yaya, wadda shekara ashirin ba mu taɓa jin ra'ayinta ba ko a kan labule, ta rubuta cewa ita dai a yarda miji ya ce wa matarsa "yi haƙuri".

Zan faɗi nawa laifin, don ban zo in wanke kaina ba. Da Auta ta ce a bar mace ta gaya wa namiji tana son aurensa, ni da nake gaban alƙali na yi tsalle na ce wannan kam rashin kunya ne. Ta ce ashe tawa kaɗai nake so a yafe. Uwar Kanari kuma ta tuna mini ranar da ta riƙe hannuna a tashar bas, na fizge kamar na taɓa wayar da ba a kashe ba, alhali ba wanda ya san mu a titin nan. Laifi tudu ne.

Yanzu ga inda aka tsaya. Yaya ya yanke hukunci: ko in daina, ko in an yi hutu a kawo yarinya gida ta zauna wurin Inna, ta tashi a hannun mata. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ban taɓa yi masa musu ba, ko da yake shi ma bai taɓa tambayar yadda muke kwana a nan ba. Uwar Kanari ta roƙe ni a hankali in bari, don ita ake ci da baki, ba ni ba. Lahadi biyu ke nan ban taɓa kan yarinyar ba. Takan kawo mataji ta ajiye a gwiwata, ta tsaya, in ta ga ban motsa ba ta ɗauke abinta.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Shekara arba'in tana yi wa matan unguwarmu kitso kafin idonta ya yi rauni. Ranar nan ta ƙura wa wayar ido, ta ce Kanari ta juya hagu, ta juya dama, sannan ta ce tsagar ta karkace, kuma ina kama gashin goshi da yawa. Shi ke nan, ta miƙa wa Auta waya. Ko faɗa ban isa ta yi mini ba, sai raini. Tun ranar ban kira ta ba.

Goggo, wane "ba a yi" ne ya kamata ya mutu, wane ne za a bari? Kuma ni, in ɗauki matajin ko in ajiye?

Naki,
Gajiyayye daga hawa na huɗu

*

Gajiyayye, ɗan'uwana, sannu da ƙoƙari. Ka ce kada in yi dariya, na yi, a wurin salatif mai launi. Ka yafe ni.

Tambayarka ta farko ba ni da jerin da zan ba ka, kuma duk wanda ya ce yana da shi, ka duba da kyau, nasa ne a sama. Ni dai abin da nake yi, in aka ce mini "ba a yi", sai in tambaya: wa yake karewa? Akwai wanda yake kare mai rauni, kamar a ce ba a tona asirin mata a gaban abokai, ko ba a ɗaga wa tsoho murya. Irin waɗannan a riƙe su da hannu biyu. Akwai kuma wanda ba ya kare kowa sai girman kan wani. Ka auna naka: in ka daina kitso, wa ya tsira? In ka ci gaba, wa ya cutu, ban da gashin bayan kunnen dama? Uba yana gyara kan 'yarsa a cikin ɗakinsa, ban ga abin kunya ba. Abin kunya shi ne takardar da malama ta aiko.

Amma kada ka mai da Yaya dodo. Mutumin da ya riƙe ku yana kallon ƙaninsa ta cikin waya shekara goma sha ɗaya, yana tsoron wata rana ba zai gane ka ba. Matajin nan a bakinka shi ne ya nuna masa abin da yake tsoro. Ka kira shi shi kaɗai, ba a guruf ba, don babba ba ya janye magana a gaban taro. Ka gaya masa yadda makonku yake, bas biyu, aikin Lahadi, takardar malama. Kana ƙorafin bai taɓa tambaya ba, amma a wasiƙarka ka ce ba ka taɓa kai ƙara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai in bai faɗa ba, na waje zai ɗauka rufin lafiya lau. Sannan ka ce masa, da ladabin da ka saba, yarinya ba inda za ta je. Ba a raba 'ya da iyayenta a kan kitso. Wannan ba musu ba ne, haƙƙinka ne.

Kafin Yaya ma, akwai uwar Kanari. Kai an yi maka barkwanci, ita aka soka. Gwaggonku ta yi tambaya a bainar jama'a, kuma ban ga inda ka amsa ba. Ka koma inda aka yi tambayar ka rubuta layi biyu: hannunta lafiya lau, yana can yana jinyar marasa lafiya, kuma ba ita ta sa ka ba, kai ka ga dama. In ka tare mata wannan, ina zaton roƙon da ta yi maka zai janye da kansa. Hannun da ka fizge a tashar bas kuwa, ba ni zan gaya maka yadda ake mayar da shi ba. Batun Auta da mace mai neman aure, ba dole ka yarda ba, amma wanda ke roƙon a sassauta masa ba ya riƙe bulala.

Saura Inna, kuma a nan ne ka yi babban kuskurenka. Ban san Inna ba, amma na san masu kitso. Macen da ta yi shekara arba'in a sana'ar ba ta ɓata yawunta a kan aikin da take so a daina. Da haramtawa za ta yi, kalma ɗaya ta ishe ta, kuma ka sani. Duk dangi fuskarka suka kalla, ita kaɗai ta kalli kitson. Da raunin idonta ta sa aka juya mata hagu da dama, ta gano tsaga, ta gano gashin goshi. Tsohuwar hawa na biyu ta buge maka hannu ka kira shi koyarwa, mahaifiyarka ta yi maka da baki ka kira shi raini. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kai kana can kana fushi, ita tana can mako uku tana jiran ɗalibinta.

Saboda haka ranar Lahadi, in Kanari ta kawo mataji, ka karɓa. Ka jingina waya inda za a ga ƙeyarta sosai, ka kira Inna, ka gaishe ta, ka ce ta nuna maka inda tsagar ta karkace. Za ka sha faɗa, ka shirya. In Yaya yana da sauran magana bayan wannan, sai ya kai wa Inna, mu ga ko zai yi mata saƙon minti bakwai.

Robar ɗaure waya kuma ka bar ta a wurin aiki. Allah ya sassauta maka ciwon baya, ya raya Kanari, ya miƙe maka tsaga.

Goggo