Kati a Akwatin Lefe

Samaru, Zariya
6 ga Agusta

Zuwa ga ƙawata Martina, Maman Diana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Diana da maigidanta Felix, da jaririn da kika je yi wa wanka. Yaya Amurka, yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya, damina ta zauna, masara ta yi goyo. Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta ne, don in na yi saƙon murya duk gidan zai ji. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san tare muka koyi baƙi a ajin manya da furfurarmu, har yau hannuna bai saki ba.

Maganar Micah ce. Kin san an sa ranar kai lefen Sharon, 'yar Dattijo Albert na Jushi, ƙarshen Oktoba. Tun Ista ya sayi akwatuna uku ya jera a ɗakinsa. Shekaranjiya na shiga in duba ko danshi ya taɓa atamfofin. Na ja na farko, nauyi kamar an zuba tsakuwa. Na buɗe. Maman Diana, ko ɗankwali babu. Kwali ne ƙanana, ba su kai tafin hannu ba, dubbai, kowanne da hoton wani ƙato da hula hana-salla, ya ɗaga sanda kamar zai kashe gafiya.

Da ya taso daga makarantar da yake koyarwa na tare shi. Wai katin 'yan wasan besbol ne, wasan da ake yi a can wurinku. Wai Turawa suna tara su. Wai wanda ya tsufa, guda ɗaya sai ya sayi gida. Wai, wai, wai. A shagon Uzoma mai dilolin gwanjo a kasuwar Sabon Gari ya same su. Jiya na hau keke-napep na je da kaina. Bawan Allah ya ce a kwantena suka zo, an cusa su don cike gurbi, kuma shi niyyarsa ya ba masu gasa masara su hura wuta. Sai Micah ya gani, hannunsa ya kama rawa. Uzoma ya ce mini, Mama, ni ɗan kasuwa ne, in mai saye ya fara rawa ba ni zan tsayar da ganga ba. Ban ga laifinsa ba. Kuɗin atamfa da leshi da takalma duk can suka tafi.

Na sa tabarau na bi bayan katunan a hankali, abin da na iya karantawa. Wasu 1989, wasu 1990. Wannan ne tsufan? Turmina ya girme su. Kuma akwai wani mai gashin baki kamar tsintsiya, na ga fuskarsa sau arba'in a akwati ɗaya kafin in gaji. Shekara talatin ina ajiyar hatsi a kasuwar Samaru, ban taɓa ganin abin da ya cika gari har ana toshe rami da shi ya yi tsada ba. Na faɗa masa. Ya yi mini murmushin nan na masu digiri, ya ce ba zan gane ba.

Ki taimake ni ki tambayi Felix, tunda a can ya girma. Ga hotunan guda goma na haɗo. Ki ja wa Diana kunne kada maganar ta dawo gida.

Ki gaishe su duka. Ki shafa mini kan jaririn.

Taki,
Liya, Maman Micah


Samaru, Zariya
25 ga Agusta

Maman Diana,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da kika ce yaron ya fara riƙe wuya. Na ga takardarki, na karanta sau uku, na gode.

Ashe Felix dariya ya yi har ya ƙware da shayi. Ashe shi ma yana da irinsu kwali-kwali a garejinsa, ya yi kyauta da su an ƙi karɓa. Na fahimci bayaninsa sarai, ko ban je jami'a ba. Masu tsadar na zamanin kakanni ne, lokacin da yara ke wasa da su su yaga, iyaye mata su share su zubar, sai 'yan kaɗan suka tsira. Da mutane suka ji labari sai kowa ya hau saye yana ɓoyewa a leda, masu bugawa kuma suka yi ta bugawa kamar takardar kamfen. To, hatsin da kowane gida ya cika rumbu da shi, ba a ci, ƙwaro ma ya ƙi ci, wace rana zai tashi? Abin da ya fi ba ni haushi, tsintsiyar iyaye mata ce ta azurta waɗancan mutane, kuma na tabbata ba wadda aka ce wa sannu.

Na karanta wa Micah. Ya ce ai shi ya sa. Nan da shekara ashirin mutane za su gaji su zubar da nasu, sai nasa su rage. Kin ji hankali? Ɗana yana zaune a Samaru yana jiran duk mutanen Amurka su share ɗakunansu. Na tambaye shi ko Sharon ma leda zai sa ta har lokacin. Ya tashi ya bar tuwonsa.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni, kuma ni na jawo. Ran Alhamis a zumuntar mata aka ce mai roƙon addu'a ya faɗa. Zuciyata ta cika, na miƙe na ce a sa ɗana a addu'a, kati ya shiga kansa, har ya cinye kuɗin lefe. Iyakar abin da na ce ke nan. Kunya ta hana ni bayani, kuma ban yarda da harshena a kan kalmar besbol a gaban mutane ba. Na ga wasu suna kallon juna, na ɗauka tausayi ne. Ashe karta suka ji. Kin san a nan in an ce mutum yana kati, ko na waya ne ko na caca, kuma na waya ba ya cin lefe.

Kafin Lahadi maganar ta sauka Jushi. Can an ce har babur ɗinsa ya sa a tabarma. Kin san Dattijo Albert, mutumin da ya hana matasa yin ƙuri'ar cin kyauta a bikin godiya. Ya aiko cewa a dakatar da komai, mu zo ran Asabar. Micah ya ce zai je da wayarsa ya nuna masa farashi. Na roƙe shi don Allah ya bar wayar a aljihu.

Yarinyar nan ta gari ce, Maman Diana. In ya rasa ta saboda hoton mai gashin baki, ko saboda bakina, ban san inda zan sa kaina ba. Ki yi mana addu'a, amma ke kaɗai.

Taki,
Liya


Samaru, Zariya
1 ga Satumba

Ƙawata Maman Diana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Yaya ƙoƙari da jego? Mu mun je, mun dawo.

Mun tarar da Dattijo a falo da matarsa da ƙannensa biyu. Sharon tana bayan labule, ina ganin ƙafafunta. Bayan addu'a na roƙi a ba ni dama, na ce laifin bakina ne. Na kwance ledar da na zo da ita na zuba katunan a tebur, cike da hannu biyu. Suka ɗauka suna jujjuyawa. Wani ƙanen ya nemi zi da kubi irin na karta bai gani ba, ya tambaya ta yaya ake raba su. Maman Sharon ta ce wannan mai sandar ya yi kama da wani tsohon fadan coci na Wusasa. Aka yi dariya, na ce a raina mun tsira.

Sai Micah ya ciro wayar. Ya yi minti goma yana bayani, rabi Hausa rabi Turanci, yadda kati ɗaya yake zama gida. Dattijo ya bar shi ya gama. Sannan ya ce a hankali, mutum ya zuba kuɗinsa a kan kwali, bai noma ba bai ƙera ba, yana jiran sa'a ta juyo, a Jushi wannan sunansa caca ko da hoton mala'ika ne a jiki. Ya ce shi ba zai ba ɗan caca 'yarsa ba. Ƙafafun bayan labule suka ɓace.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ce Dattijo, a gafarce ni, ba caca ba ce. Ɗan caca wata rana yakan ci, shi ya sa yake komawa. Wannan kuwa babu ci a cikinsa, ko yau ko bayan shekara ashirin. Na ciro takardarki na karanta musu, ina bin layi da yatsa, har wurin garejin Felix. Na jera mai gashin bakin nan guda bakwai a gabansa. Na ce sa'a ba ta da ƙofar da za ta shigo ta nan. Ɗana bai yi caca ba, wauta ya yi. Wawa ne, Dattijo, amma ba ya sha, ba ya ƙarya, bai taɓa fashin aiki ba.

Da bakina na faɗa, a gidan surukai, yana zaune a gefena da taye a wuya.

Dattijo ya tattara katunan wuri ɗaya. Sannan ya ce caca hali ce, wauta kuwa kowane namiji yana da ranar tasa, shi ma ya taɓa sayen injin niƙa da ba ya da ciki. Matarsa ta ce biyu ne. Aka kira Sharon. Idonta ja, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce za ta jira har Kirsimeti, ba Kirsimetin shekara ashirin ba, ta bana, kuma abin da za a ɗaura take son gani a akwati. Aka tsaya a haka.

Ni da Micah mun hau mota ɗaya zuwa Samaru. Yau kwana biyu yana gaishe ni daga bakin ƙofa kamar ɗan haya. Ya karɓi darasin yamma a gidaje biyu don ya haɗa kayan. Katunan ya mayar da su kwali ya ɗora a kan bulo saboda danshi, har yanzu yana lallaɓa su kamar ƙwai. Na ƙyale shi. Na gwammace ya yi fushi da ni yana da mata.

Saura roƙo ɗaya, kada ki yi mini dariya. Na sake ɗaukar hoton wasu talatin, waɗanda fuskarsu ba ta maimaitu ba. Ki ba Felix ya duba da kyau. Har yanzu na san shara ce. Amma ni na haifi yaron nan, kuma ina so a ce ko guda ɗaya ya yi daidai. In babu, ki faɗa mini nan da nan. In kuwa akwai, ki riƙe bakinki sai an ɗaura aure, don in Dattijo ya ji ana iya ci, magana ta koma caca.

Ki gaida Diana da Felix. Allah ya raya yaro, ya dawo mana da ke lafiya kafin biki.

Taki har kullum,
Liya, Maman Micah